Rasuwar Kwena, Wuƙar Alama ta Kuku Liswaniso

Da zuciya cike da baƙin ciki, da babban yatsan dama naɗe cikin filasta, ni Nalishebo Sitwala nake sanar da dangi da maƙwabta, da tsofaffin ma'aikatan katako na Mulobezi, da 'yan'uwana masu tara tsofaffin wuƙaƙe na kusa da na nesa, rasuwar uwarɗakina kuma abar alfaharina, wuƙar alama mai naɗewa wadda aka fi sani da Kwena. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a bayan tashar jirgin ƙasa, a gaban shaidu uku, kuma a hannuna. Audugar da take kwanciya a kai ba ta ji labari ba tukuna. Shatin jikinta yana nan a kanta, har da ɗan lanƙwason baki.

Ba mu san ranar haihuwar marigayiya ba. Mun dai san a wata maƙera ta ƙasar Ingila aka ƙera ta, domin hatimin maƙerin yana gindin ƙarfenta. Harufa biyar suka rage a cikinsa, sauran gumin hannu ya cinye su. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba idan ta naɗe. Ƙotarta ta ƙaho ce, da farin ƙarfe a kai da gindi. Ga waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ita ba, marigayiya ba ta yanka nama, ba ta fere rake. Kaifinta duka yana bakinta, inda ƙarfen ya lanƙwashe ya zama 'yar ƙugiya, kuma da wannan haƙori ɗaya take cire siririn zare daga jikin katako ta bar shaida. Saboda haƙorin ne tsofaffi suka sa mata Kwena, wato kada.

Ta shiga hannun kakana na wajen uwa, Kuku Liswaniso (Kuku shi ne kaka a yarenmu), yana ɗan shekara goma sha tara, lokacin da kamfanin katako ya ɗauke shi mai alama. Duk gungumen iccen mukusi da ya fito daga sashensa sai ya duba shi, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, sannan ya zana masa alamarsa: layi biyu a karkace, ɗaya ya ratsa su. Kowane layi yana farawa da zurfi, ya ƙare da siririyar wutsiya. Da wutsiyar ake gane hannun mutum. Kuku yakan ce alamarsa tana kwance a jikin katakon dogo, ƙarƙashin ƙarfen jirgi, har garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ruwan sama a daji, ta kwana a aljihun wando mai warin gumi, ta faɗa cikin toka sau biyu, ba ta yi ƙorafi ba. Ba ta taɓa cizon mai ita ba cikin shekara sittin da bakwai. Ba ta iya ƙarya ba: an ce akwai ranar da wani shugaban leburori ya matsa a sa wa ruɓaɓɓen gungume alamar mai kyau, Kuku ya laluba aljihunsa ya ce ya manta da ita a gida, alhali tana ciki tana jin su. Ba ta da yawan magana. Idan an buɗe ta takan ce tak. Idan ta hau ɗanyen mukusi takan ce ƙirrr, a hankali, kamar mai gyaran murya. Ban taɓa jin ta faɗi abin da ya wuce haka ba sai ranar ƙarshe.

Game da jinyarta, ya zama dole in faɗi gaskiya, domin wasu suna yaɗa cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ni ce.

Shekara uku da suka wuce na gama karatun gandun daji a jami'a, inda na rubuta shafi casa'in a kan alamomin masu shaidar katako na Mulobezi. An yaba min. Wani malami ya ce bai taɓa ganin ɗalibar da ta san abu haka ba tare da ta buɗe baki a aji ko sau ɗaya ba. Da na dawo gida, Kuku ya sa aka karanta masa shafi biyu, barci ya ɗauke shi, da ya farka ya ciro Kwena ya miƙo min.

“Riƙe min ita,” in ji shi. “Hannuna ya fara rawa, kar in yar da ita a masai. Duk shekara ki kawo min ita ranar gungume.”

Na durƙusa na tafa hannu na karɓa. A lokacin ina da irinta guda bakwai da na tsinto a kasuwannin tsofaffin kaya na Livingstone da Bulawayo, amma babu wadda na san wanda ya riƙe ta. Na sa kafinta ya yi min akwati mai murfin gilashi. Na shimfiɗa auduga. Na sayi farar safar hannu, ni da nake cin buhobe, tuwon masararmu, da yatsu biyar.

Akwai wani zaure a waya da masu tara irin waɗannan wuƙaƙe suke haɗuwa. A can ina da baki, tunda ba mai ganin fuskata. Babbanmu wani dattijo ne a ƙasar sanyi mai wuƙa ɗari huɗu, kuma shi ya rubuta cewa baƙin da ke jikin tsohon ƙarfe shi ne tarihinsa, wanda ya goge shi ya goge tarihi. Na ɗauki maganar na wuce da ita inda shi kansa bai kai ba. Ban goge ta ba, ban wasa ta ba, ban ɗiga mata mai ba, ban buɗe ta ba. Damina uku audugar tana shan laima tana shayar da ita a daidai lanƙwason haƙori, ni kuwa ina tsaye a kanta da safa ina sha'awar tarihi.

Bara Kuku ya buɗe ta, maimakon tak ta ce kiiik. Ya dube ta, ya dube ni.

“Tana jin ƙishi,” ya ce. “Kitsen akuya kaɗan.”

Na ce to. Na koma na tambayi zaure ko kitsen akuya yana da illa ga ƙarfen Ingila. Mutum goma sha huɗu suka amsa cikin firgici. Na bi maganar mutanen da ban taɓa ganin hannunsu ba, na bar ta wanda ya riƙe ta tun kafin a haifi uwata.

Mutanen Mulobezi sun san ranar gungume, amma saboda baƙi zan yi bayani a taƙaice. Da aikin katako ya ja baya, masu alama goma sha ɗaya suka ajiye wani tsohon gungumen dogo a ƙarƙashin icce bayan tasha. Kowa da layinsa. Duk Asabar ɗin farko ta watan Agusta sukan taru, kowa ya zana alamarsa ɗaya a layinsa, shaidar cewa yana nan. Dokarsu biyu ce. Da wuƙarka za a yi, ba da ta aro ba, ko da hannun jininka ne ya riƙe maka ita. Kuma wanda shekara ta wuce ba alamarsa, sai a ja dogon layi a rufe nasa, kamar yadda ake yi wa mamaci. Ba sa sassauci. An taɓa kwantar da ɗaya daga cikinsu, Bo Katukula (Bo muke sa wa sunan babba don girmamawa), a asibiti ranar gungume, suka rufe masa layi, ya warke ya dawo, ya yi shekara shida yana zuwa yana zama a gefe, suna kiransa marigayi suna miƙa masa maheu, kunun masara mai tsami, bayan kowa ya sha. Yanzu saura uku: Bo Mwauluka mai shekara casa'in da ɗaya, wanda shi ne alƙali, da Bo Simasiku wanda bakinsa bai tsufa ba, da Kuku. Layin Kuku alama arba'in da ɗaya ne, ba giɓi.

Bana hannunsa ya ƙi. Ko kofi sai ya riƙe da biyu. Ya aiko cewa ni zan zana masa.

Na yi sati ina shiri. Na sake karanta shafuffukana casa'in. Na zana alamar da fensir sau ɗari a takarda. Abin da bai zo min a rai ba shi ne in nemi guntun katako in gwada.

Ranar Asabar na iske su zaune a kan kujerunsu a jere, gwiwoyinsu sun kusa taɓa gungumen. Ta wannan gefen ake zane. Kowa yakan sunkuyo daga kujerarsa ya ja wuƙar zuwa cikinsa, shi ya sa duk wutsiyoyin suke kallon inda suke zama. Bo Mwauluka ya yi nasa, Bo Simasiku ya yi nasa, kowa bugu uku. Sannan suka zuba min ido.

A nan na gane halin da nake ciki. In zan tsaya inda ya kamata, ko dai in ce wa tsoho mai shekara casa'in da ɗaya ya ɗaga kujerarsa, ko in kutsa tsakaninsu da gungumen in durƙusa in ba dattawa uku baya. A gidanmu yarinya ba ta ba babba ƙeya, kuma ni ko gishiri ban taɓa iya cewa a miƙo min ba. Sai na zagaya ta ɗaya gefen, na durƙusa ina fuskantarsu, na tafa hannu.

“Farfesa,” in ji Bo Simasiku, “ta can za ki ɓullo mata?”

“Eh, Bo Simasiku,” na faɗa wa ƙasa.

“Nalishebo,” Kuku ya fara.

Bo Simasiku ya tare shi: “Kai, Liswaniso, bar ta! Shekara huɗu ta yi a jami'a. Wataƙila sabon ilimi ne. Mu da muka yi karatu a gindin zarto, bari mu gani.”

Da a ce ban san komai ba, da na ja wuƙar zuwa gare ni, wutsiyoyin su juya baya, a yi min dariya a tashi. Amma na san zancen wutsiya. Babi guda na rubuta a kansa. Ba zan bari alamar kakana ta arba'in da biyu ta kalli wani gefe dabam da 'yan'uwanta ba. Don haka na buɗe marigayiya, na juya ta, na ɗora babban yatsa a bayanta, na tura.

A shafi na arba'in da uku na rubuta da hannuna cewa wuƙar alama ja ake yi, ba a tura ta. Har layi na ja a ƙarƙashi.

Haƙorin ya shiga busasshen mukusi, ya yi tafiyar da ba ta kai gaɓar yatsa ba, ya cije. Ido shida suna kaina. Na ji kunyar tsayawa, sai na ƙara ƙarfi.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce tas.

Haƙorin ya zauna cikin gungumen. Guntun da ya rage ya zame ya bi ta kan yatsana. Ba wanda ya yi motsi. Wata akuya ta zo ta leƙa mu ta wuce.

Bo Simasiku ne ya fara magana. Ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji.

“To, Liswaniso, Allah Ya jiƙanka. Ka yi mutuwa mai sauƙi, a zaune, da maheu a hannu. Mutumin kirki ne, sai dai rowar taba.”

Kuku bai yi dariya ba. Bai dube ni ba. Layinsa yake kallo.

“Ina da wasu bakwai a gida,” na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

“Bakwai! Mwauluka, ka ji? Bakwai gare ta. Farfesa, wacce a cikinsu ta san sunan kakanki?”

Bo Mwauluka ya sunkuya a hankali ya taɓa karyayyen haƙorin da farce. Ya daɗe yana taɓawa.

“Ta fara aiki,” ya ce. “Ba na rufe layi a kan aikin da aka fara. Asabar mai zuwa. Amma da ƙarfen nan, ba wani ba. In rana ta kai tsaka ba alama, zan ja layin da hannuna, Liswaniso, kuma ka san ba na so.”

Kuku ya tashi ya kama hanyar gida. Na bi shi a baya da gawa a hannun hagu, jini a na dama. Tun daga ranar bai ce min komai ba, ko amsa gaisuwa.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta na shekara sittin da bakwai, Kuku Liswaniso, wanda a yanzu ba a san matsayinsa ba, rayayye ne ko mamaci, sai ranar Asabar. Ta bar 'ya'ya da ba su ƙirguwa, kwance ƙarƙashin layin dogo da ginshiƙan gadoji. Ta bar ƙanne bakwai a akwatin gilashi, kyawawa, masu cikakken hatimi, waɗanda ba wadda ta ɗanɗana katako tun da ta shigo hannuna. Ta bar sa'o'inta biyu, wuƙar Bo Mwauluka da wasawa ta sirantar da ita kamar tsinke, da ta Bo Simasiku da aka ɗaure ƙotarta da wayar keke. A zaurenmu ba wanda zai kalle su sau biyu. Suna nan lafiya lau, suna wari kamar mahauta. Ta kuma bar mariƙiya ɗaya mai digiri.

Ranar Lahadi bayan coci na kai gawar wurin maƙerin bakin kasuwa, mai ƙera gatura da fartanya. Ya juya ta, ya sa harshe a karayar, ya tofar.

“Tsatsa ta ci ta ta ciki. A ruwa kika ajiye ta?”

“A auduga.”

“Ciwo gare ta?”

Sannan ya ce zai iya sa guntun a wuta ya jawo shi ya lanƙwasa sabon haƙori, amma ƙarfen da zai jawo shi ne daidai inda hatimin yake. Harufan za su tafi. Abin da zai fito gajere ne, mummuna, kuma bai yi min alkawarin ba zai tsage ba idan ya tsoma shi a ruwa.

Na kai maganar zaure, domin ban daddara ba. Dattijon ƙasar sanyi ya rubuto da manyan baƙaƙe cewa kada in bari maƙerin ƙauye ya taɓa ta. Karyayyiya mai hatimi, in ji shi, tarihi ce har yanzu, amma gyararriya guntun ƙarfe ce kawai. Wata mata ta turo hoton fuska mai kuka.

A nan zan faɗi abin da ya fi karya wuƙar ba ni kunya. Na yi tunani. Litinin, Talata, har Laraba da safe. A raina na ɗora kujerar kakana a gefe ɗaya, harufa biyar a ɗaya gefen, na zauna ina kallon wanda zai rinjaya, kamar akwai abin kallo. Uwata ta same ni ina ɗaukar hatimin hoto karo na sittin.

“Shi fa Bo Katukula,” ta ce tana tsince shinkafa, “bayan an rufe masa layi, da kansa yake ɗauko kujerarsa daga gida, don ba a ajiye masa. Kakanki kuwa ko kofi ba ya iya ɗauka.”

Ta ci gaba da tsintarta. Na cire safar hannun na ba ta ta riƙa sauke tukunya.

Saboda haka, ga yadda aka tsara jana'iza.

Za a ɗauki gawar daga gidan mahaifiyata ranar Juma'a da ƙarfe tara na safe, a ƙafa, zuwa maƙerar bakin kasuwa. Masu son yin ban kwana da hatimin su zo kafin lokacin. Ba a buƙatar furanni. Mai kitsen akuya ya taho da shi. Za a sa marigayiya a wuta da ƙarfe goma, kuma ni zan ja zuga-zugi, tunda ni na jawo. Ga 'yan'uwana na zaure, na gode da ta'aziyyarku, kuma na san bayan Juma'a ba za ku ƙara ƙirga ta cikin dangi ba. Ni ma ba zan ƙirga ta ba. Kwena da kuka sani a hoto ta tafi ke nan.

Duk abin da ya fito daga wutar, in Allah Ya sa bai tsage ba, za a kai shi gungume ranar Asabar da hantsi. A nan ina da roƙo ga Bo Mwauluka da Bo Simasiku da Kuku, kuma na rubuta shi ne domin bakina ba zai iya ba. Zan shiga tsakaninku da gungumen. Zan durƙusa in ba ku baya. Ku yafe min tun yanzu. Bo Simasiku yana da izinin faɗin duk abin da ya ga dama, ba zan waiwayo ba.

Za a ci buhobe da busasshen kifi bayan an gama, idan layin bai rufu ba. In ya rufu ma za a ci, domin uwata ta riga ta sayi kifin.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kuma tsare sauran tsofaffin wuƙaƙe daga masu ƙaunarsu.

Na ƙara wannan da biro a ƙasan takardar kafin in liƙa ta a bangon tasha. Yau Alhamis da la'asar Kuku ya shigo ɗakin da nake. Na durƙusa na tafa hannu, bai amsa ba. Ya ɗauki takardar ya kai ta bakin taga, ya bi ta da yatsa layi bayan layi, ya daɗe ƙwarai a sakin roƙon. Da ya gama ya ajiye ta. Ya ɗauki gawar daga faranti ya sa ƙotar a tafina, ya lanƙwasa yatsuna a kanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗora hannunsa a kan nawa. Rawar hannun tana shiga har kafaɗata. Ya miƙar da hannuna a kan tebur, ya jawo shi zuwa cikina a hankali, da nauyi a farko, da sassauci a ƙarshe. Sau uku ya yi, biyu a karkace, ɗaya ya ratsa.

Ya ɗauki hularsa ya fita.